Kujerar falo a gidan da ke da yara da mage: tambayoyi da amsoshi kafin a biya kuɗi

Yawancinmu da ido muke sayen kujera. A shiga shago, a ga yadi yana sheƙi, a zauna sau ɗaya a ji laushi, sai a shiga ciniki. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai a ga tsakiya ta lotsa, hannu yana girgiɗi, leda tana zuba kamar amosani. A ce yara ne suka kashe ta. Yara suna da nasu laifin, mage ma haka, amma sau da yawa kujerar da ciwonta ta shigo gidan. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi, da amsoshinsu.

Wane ɓangare na kujera ya fi cancanta a kashe wa kuɗi?

Kujera abu huɗu ce: katakon da ya zama ƙashinta, abin da ke ɗauke da nauyin mai zama (sifirin ko bel na roba), soso, sai yadin da aka rufe ta da shi. Ukun farko ba a ganinsu, kuma a nan mai son cin riba yake rage kaya. Na huɗun ne ake nuna maka.

A gidan yara, a sa a rai tun farko cewa yadi abin canzawa ne. Komai tsadarsa, kunu da biro da farata za su gama da shi wata rana. Katako mai kyau kuwa yana iya ganin riga uku ko huɗu. Saboda haka idan kuɗi bai kai a sayi komai mai kyau ba, a fara da katako, a bi da soso, yadi ya zo a ƙarshe. Masu yin akasin haka su ne ke yi wa rogo kallon kitse.

Wane katako ya fi, kuma me ya sa wasu kujerun ke fara ƙara da hunturu?

Loko da maɗaci suna cikin masu ƙarfi, loko ma gara ba ta cika damunsa ba. Malaina ta fi su araha, kuma tana aiki idan ta bushe sosai, sai dai tana da jinkirin bushewa. Obeche ba shi da nauyi, yana da daɗin sassaƙa, amma ƙwaro na son sa; idan kun taɓa ganin wani farin gari yana taruwa a ƙarƙashin kujera, to ƙwaro ne ke cin katakon daga ciki. MDF, wato garin katakon da aka matse da gam, bai dace da inda nauyi ke sauka ba. Ƙusa ba ta kama shi da kyau, kuma da ruwan goge ɗaki ya taɓa shi sai ya kumbura.

Amma sunan itacen ba shi ne duka ba. Bushewa ita ce magana. Yawancin katakon da ke kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ko Panteka a Kaduna daga dazuzzukan kudu ake kawo shi, inda iska ke da laima, wani ma ɗanye shar. Kafinta mai gaggawa ya yanka ya haɗa a haka. Hunturu na shigowa, iska ta bushe, katakon ya tsuke, ramin ƙusa ya yi mata yawa, mahaɗa ta saki. Ƙarar nan da kuke ji idan an zauna, ita ce. Katakon kayan ɗaki ana son ruwan jikinsa ya sauko zuwa wajen kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. Ba kowa ke da na'urar aunawa ba, amma hannu yana ganewa: ɗanyen katako yana da sanyi da nauyi, garinsa yana cuɗewa idan an matse shi, ƙusa kuma tana shiga ba gardama.

A duba mahaɗa kuma. Ƙusa kaɗai ba ta isa kujerar da yara za su mayar filin tsalle ba. Ana son gam da sukuru, da kuma ɗan guntun katako mai kusurwa uku da ake dannawa a kowace kwana daga ciki.

An riga an rufe kujerar. Ta yaya zan gane ƙarfinta a shago?

Kama ƙafa ɗaya ta gaba ka ɗaga kamar santimita 15. Idan ɗayar ƙafar ta gaba ta biyo ta sama, ƙashin yana da ƙarfi. Idan ta zauna daram a ƙasa alhali wannan ta tashi, kujerar murɗewa take yi, a bar ta. Bayan haka ka tura hannun kujerar gefe da ƙarfi, domin nan ne yara ke hawa kamar doki. Ka danna bayanta da gefenta da tafin hannu: idan ka ji abu ya lotsa yana ƙaras-ƙaras, kwali ne aka sa a madadin filaiwud, wato allon siraran katako da aka manne falle-falle. Sannan ka roƙi mai shago a kifa ta. Wanda ya yarda da kayansa ba ya ƙi. A ƙasan za ka ga ko sifirin ne mai lanƙwasa irin na ƙarfe, ko bel na roba da aka saƙa kusa da kusa, ko kuwa yankakkiyar robar taya da buhu aka ɗaɗɗaura. Bel mai kyau ba laifi ba ne. Abin gudu shi ne wanda aka ja nesa da nesa, tafin hannu na wucewa ta tsakani.

Soson fa? Mai tauri ne mai kyau?

A'a, tauri daban, inganci daban. Ana iya yin soso mai tauri wanda zai mutu cikin watanni. Abin da ke nuna daɗewa shi ne yawan kayan da ke cikinsa, abin da masu sana'ar ke kira densiti, kuma da nauyi ake auna shi. Na wurin zama ana son ya kai kilo 30 zuwa 35 a kowace mita ɗaya ta tsawo da faɗi da kauri. Na jingina yana iya yin ƙasa da haka, tunda ba ya ɗaukar nauyin mutum gaba ɗaya.

Ga lissafin da za a iya yi da sikelin mai nama. Soso mai tsawon santimita 60, faɗi 60, kauri 15, idan na kilo 30 ne, nauyinsa zai ɗan haura kilo ɗaya da rabi. Idan aka ɗora shi bai kai kilo ɗaya ba, na wajen 18 ne, kuma ba zai jima ba zai zama tabarma. Sai dai a sani cewa wasu masu yin soso kan cakuɗa gari irin na alli don ya yi nauyi, shi ya sa ya fi kwanciyar hankali a sayi mai tambari daga dilan kamfanonin da aka sani, irin su Vitafoam ko Mouka, a kai wa kafinta da hannu. A danna shi da gwiwa a tashi: mai kyau nan take yake komawa yadda yake.

Wata dabara da ake yi ita ce a sa siririn soso mai kyau a sama, a cika ƙasa da gutsattsarin ragowa. Zif a jikin matashin zama yana maganin wannan, don za a iya zugewa a leƙa.

Leda ko yadi? An ce leda ta fi sauƙin gogewa.

Ta fi sauƙin gogewa, wannan gaskiya ne. Kunu ya zuba, a sa tsumma, an gama. Matsalar ita ce abin da ake kira leda a kasuwa kusan duka roba ce aka shimfiɗa a kan ƙyalle. Fatar saniya ta gaske tsada gare ta ƙwarai, mu kuma tamu ganda muke yi da ita. Don a bambance, a juya gefen da aka yanka: fata ta gaske bayanta gashi-gashi ne, ta roba kuwa saƙar ƙyalle za a gani.

Ledar roba iri biyu ce. Mai laushin, wadda ake kira PU, zafi da gumi da laima suna cinye ta, sai ta fara ɓarewa a inda kai da hannu ke taɓawa. Mai kaurin, PVC, ta fi jure ruwa, amma tana sandarewa ta tsattsage, ga shi da bazara tana manne wa jiki. A garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ba ta kai shekarun da za ta kai a ɗaki mai sanyi. Kuma yaro ba ya ganin ɗan ɓaren leda ya ƙyale. Sai ya bi shi da farce har ya kai ƙarshen kujera.

Idan akwai mage, maganar leda ta ƙare. Farce ɗaya huda ɗaya ce, kuma ba ta rufewa. Fata ta gaske mai kauri da aka shafe samanta tana jure yara sosai, ƙaramin karce ma yakan ɓata da mai, amma ita ma mage tana barin mata tabo.

To wane yadi ne mage ba ta iya ɓatawa?

Babu wanda ba ta iya ɓatawa idan ta nace, amma akwai wanda ba ya ba ta sha'awa. Mage tana son abin da farcenta zai maƙale a ciki ta ja. Duk yadin da saƙarsa ke da sako-sako, ko mai ƙulle-ƙullen zare a sama irin wanda ake yayi yanzu mai kama da gashin tunkiya, ko mai zanen da zarensa ya taso, gayyata ce. Wanda ya fi dacewa shi ne mai matsattsiyar saƙa da santsi: maikurofaiba, wato yadin siririn zaren roba, da karammiski mai gajeren gashi na zaren roba. Mutane kan yi mamakin karammiski, ganin kamar kayan gayu ne, amma gashinsa yankakke ne, babu madaukin da farce zai kama. Aibinsa shi ne kwasar ƙura da gashi, sai dai da jiƙaƙƙen hannu ko safar roba ake tattare su.

Gwaji uku a gaban mai yadi. Ɗaga shi saitin haske: idan haske na ratsawa sosai, saƙar ba ta matsu ba. Ja bakin mukulli a kansa: idan zare ya taso, farce ma zai tayar. Goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle: idan launi ya fito, zai fito a farar shaddar baƙo ranar Juma'a.

Yadin da ya zo da takardarsa daga Turai ko Turkiyya yakan ɗauki lambar Martindale, wato sau nawa inji ya goge shi kafin zare ya tsinke. Daga 25,000 zuwa sama shi ne na gida mai zirga-zirga. Lambar tana magana ne a kan goguwa kawai, ba ta ce komai a kan farata ba.

Me ya sa take karce kujera, kuma duka yana hana ta?

Ba ya hanawa, sai dai ta koyi yi idan ba kowa. Karce ɗabi'arta ce: da shi take zubar da tsohon ɓawon farce, da shi take miƙa, kuma akwai wari a tafin ƙafarta da take barin alama da shi. Abin yi shi ne a ba ta wani wurin. A sami guntun katako mai tsayin da za ta miƙe a jikinsa gaba ɗaya, wajen santimita 80, a naɗe shi tam da igiyar rama, a kafa shi a kan faffaɗan gindi don kada ya yi rawa. A ajiye shi daidai gefen hannun kujerar da ta saba, ba can bayan ɗaki ba. A kan kujerar kuma a manna salatif mai danƙo ta fuska biyu na ɗan lokaci, ba ta son abu ya manne mata a ƙafa. A riƙa datse tsinin farcen duk bayan mako biyu ko uku, ba tare da an kai wurin da ya yi ja-ja ba, don akwai jini a nan.

Cire farata gaba ɗaya kuwa yanke gaɓar ƙarshe ta yatsa ne. Birtaniya da ƙasashen Turai da yawa sun haramta shi, jihar New York ta Amurka ma ta bi sahu a 2019. Kujera ba ta kai a nakasa dabba saboda ita ba.

A duba ƙasan kujera kuma. Siririn baƙin ƙyallen da ake rufe ƙasa da shi, mage na yaga shi ta shige ciki, mai ciki ma a nan za ta haihu. A sa kafinta ya rufe da siririn filaiwud. Kujerar da ake janyo hannu ta kwanta ta miƙe ƙafa kuwa, a yi hattara da ita: ƙarafunanta suna datse yatsun yara, kuma 'yan kyanwa na shiga ciki.

Wane launi?

Ba fari ba, wannan kowa ya sani. Amma baƙi da shuɗi mai duhu ma ba su da rufin asiri a ƙasarmu: kwana ɗaya na ƙurar hunturu ya isa a rubuta suna a kansu da yatsa. Ruwan ƙasa, ruwan toka, ko yadin da zarensa ya gauraya launi biyu ko uku, su ne ke ɓoye ƙura da tabo. Idan magen fara ce, a karkata wajen mai haske.

Kujerun amarya masu sassaƙa da ruwan zinare da duwatsu fa?

Wannan tambayar iyayen amarya ya kamata su yi tun kafin ranar jere. Ana zaɓen kayan ɗaki don idon 'yan ganin ɗaki, a manta cewa in Allah ya kawo rabo, nan da shekara biyu akwai mai rarrafe a falon. Sassaƙar tana da tsini daidai tsayin goshin yaro mai koyon tafiya. A yawancin masu araha ma ba katako ba ce, roba ce aka zuba a mazubi aka fesa mata fenti, kuma da ta guntule ba ta gyaruwa. Duwatsu da maɓallan da ake lotsa jingina da su kuwa, yaro sai ya ga bayansu, kuma bakinsa zai kai. Abin shaƙewa ne. Kowane rami kuma ma'ajiyar ɓurɓushin biskit ce.

Wanda ke da falo biyu, ya kai su na baƙi ya ja ƙofa. Mai falo ɗaya ya nemi mai hannu a dunƙule, lulluɓe da soso, da matasan zama da ake cirewa a juya, da ƙafafu masu tsayin da tsintsiya za ta shiga ƙasa. Araha ba ta ado, an ce, amma a nan adon ne ba ya ƙarko.

Yaro ya yi fitsari a kai. Me zan yi?

A yi sauri, kuma kada a goga. A danna busasshen tawul a kai ya tsotse, a canza wani, har ya daina jiƙewa. A yayyafa ruwan sanyi a sake tsotsewa. Ruwan zafi yana kama tabo da wari. Daga nan a gauraya farin khal da ruwa daidai wa daida a ɗan jiƙa wurin, a tsotse, a barbaɗa bekin soda, a bar shi ya kwana, a kakkaɓe. Idan ya ratsa cikin soso, sai an zare soson an wanke an shanya a inuwa mai iska har cikinsa ya bushe, in ba haka ba zai yi fumfuna.

Fitsarin mage, musamman na muzuru, ya fi taurin kai. Yana barin wani gishiri da ruwa ba ya narkarwa sosai, shi ya sa warin ke lafawa da rani ya dawo da damina. Akwai ruwan wanki na musamman a shagunan kayan dabbobi da ke cinye shi. Kada a zuba Hypo ko Jik: za su cinye launin yadi, kuma haɗuwarsu da sinadarin amoniya na fitsari na tayar da iska mai cutar da ƙirji.

Abin da ya fi duk wannan shi ne a sa a ɗinka wa kowane soso rigar ciki ta ledar shimfiɗar jarirai, sannan a sa rigar yadi mai zif a sama. Fitsari ba zai kai soso ba, rigar kuma a cire a wanke. Mai zama da kayan sallarsa ma hankalinsa ya kwanta.

Manja, biro, zoɓo, cingam, lalle?

Manja: a kwashe da cokali, a barbaɗa hodar jarirai ko garin sitaci ya shanye man, sannan a bi da ɗigon sabulun ruwa na wanke-wanke. Biro: sifirit a jikin auduga, a riƙa dannawa daga gefe zuwa tsakiya, bayan an gwada a ɓoyayyen wuri. Zoɓo da jini: ruwan sanyi nan take. Cingam: a ɗora ƙanƙara ya sandare a ɓamɓare. Lalle kuwa, idan ya kama fata ko ulu, sai haƙuri. Ranar ƙunshi a shimfiɗa tsohon zani.

Kare fa?

A yawancin gidajenmu yana waje yana gadi, kujera ba ta san shi ba. Masu shigo da shi ɗaki, matsalarsu gashi da wari da tauna ƙafar kujera ce idan yana ɗan kwikwiyo. Bargo mai kauri da ake wankewa, da ƙafafun ƙarfe, sun wadatar.

Zan iya sayen ta hannu?

Ana samun tsofaffin kujeru masu katakon da ya fi na sababbi, kuma ya riga ya gama bushewa. Abin tsoro kuɗin cizo ne. A haska fitila a cikin ɗinki da ƙarƙashin matasai. Baƙaƙen ɗige-ɗige kamar na tawada kashinsu ne. Suna iya yin watanni ba su sha jini ba, don haka cewa kujerar ta daɗe a sito ba hujja ba ce. Hanya mafi aminci ita ce a saye ta don katakon kawai, a wuce da ita wurin kafinta kai tsaye, a yaye yadi da soso a zubar, a yi wa katakon magani a can. Kada a fesa fiya-fiya a kan abin da yara ke kifa fuska a kai. A lura kuma da magungunan ƙwari masu sinadarin fametirin (permethrin): guba ne ga mage ko da kaɗan ne.

Akwai wani haɗari da ba a cika faɗa ba?

Wuta. Soson kujera yana kamawa da sauri, hayaƙinsa kuma baƙi ne mai guba, yakan kayar da mutum kafin harshen wutar ya iso shi. Kaskon turaren wuta da ake turawa kusa da kujera don ƙamshi ya kama ta, da maganin sauro na kunnawa, da kyandir idan an ɗauke wuta, ga yaro mai gudu ko mage mai tsalle, abu kaɗan ya rage. A ajiye su a tsakiyar ɗaki a kan tayil ko faranti, kuma kada a fita a bar garwashi.

In sayi ta shago ko in ba kafinta?

Ta shago ka ga abin da za ka ɗauka, amma ba ka ga cikinta ba. Ta kafinta kana iya ganin ciki, in ka tsaya a kai. Ga mai yara, na fi karkata ga kafinta, bisa sharaɗi. A raba kuɗin kashi uku: na katako, na rufi bayan ka je ka ga ƙashin tsirara ka girgiza shi, sai cikon idan an kawo. Ka sayi soso da yadi da kanka. A rubuta irin katako da ranar kawowa a takarda, kowa ya riƙe tasa. A guji ba da aiki gab da Sallah ko lokacin da bukukuwa suka yi yawa, don a lokacin ne ake haɗa ɗanyen katako cikin dare. Kafin a fara, a auna ƙofar falo da lungun shiga gida.

Sannan ka ƙara yadi uku ko huɗu a kan abin da kafinta ya ce, ka naɗe ka ajiye. Hannu da bakin wurin zama su ke fara lalacewa, kuma idan ka koma kasuwa bayan shekara biyu da wuya ka sami irin yadin. Da ragowar za a sake wa hannu ɗaya riga ba tare da an taɓa sauran saitin ba.